Faɗakarwa Game da Yaro Mai Ƙiriniya da Hannun Malaminsa

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman dacewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kai almajiri ne mai riƙe da allo, ko ɗan kasuwa mai riƙe da mudu, ka sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata mas'ala ce da ke tasowa kullum a azuzuwan firamare na ƙauyukanmu, a ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa da Minjibir. Mas'alar ita ce, yaro guda ya hana aji zaman lafiya, ya mintsini wannan, ya ƙwace alƙalamin wancan, ya kwaikwayi muryar malami, an yi faɗa bai ji ba, an yi duka bai daina ba. To mene ne ya wajaba a kan malaminsa? Idan ya ƙyale shi, ya tauye haƙƙin sauran yara. Idan ya riƙa dukansa kullum, ko ya sa aka kore shi, ana tsoron ya tauye haƙƙinsa shi. Haƙƙi biyu ke nan suka yi karo a hannun mutum ɗaya, kuma za a tambaye shi a kan kowanne.

Kada ka ce wannan zancen malaman boko ne, bai shafe ka ba. Yaron nan ɗanka ne ko ƙanenka. Kai almajiri, gobe kai ne za ka zauna a kan buzu ƙolawa na gabanka. Kai ɗan kasuwa, kana da yaran shago. Hukuncin duka ɗaya ne.

Fasali na farko: yadda ajin yake

Ka sani, a shekarar 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE. Yara suka kwararo makarantu fiye da yadda aka shirya, aka horar da malamai cikin gaggawa. A 1999 aka sake tayar da shirin da sunan UBE, aka yi masa doka a 2004. A 2019 gwamnatin jihar Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole, a 2024 kuma gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi saboda lalacewar da makarantu suka yi. Tsarin ilmi na ƙasa ya yanka wa malamin firamare ɗaya yara 35, amma duk wanda ya leƙa azuzuwan karkara ya san akan ninka wannan adadi, wani wurin har sau uku, yara a ƙasa, gwiwa na gogar gwiwa.

Sannan ka dubi ƙasar da yaran suka fito. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona manne da gona, ba a barin fili ya huta, taki ne kaɗai ke riƙe da ƙarfin ƙasa. Saboda haka hannun yaro yana da aiki a kowane lokaci na shekara. Da rani shi ne mai kora jaki da mangalar taki zuwa gona. Da damina, sa'ad da aka ɗaure tumaki da awaki a turke don kada su yi ɓarna, shi ne mai yanko musu ciyawa. Da kaka akwai roron wake da cirar gyaɗa. Yarinya kuwa ga ɗebo ruwa, ga talla, ga raino. Da asuba yana makarantar allo, da hantsi yana firamare, da yamma yana Islamiyya. Yaro da yawa yakan shiga aji ya riga ya yi aikin rabin yini, wani ko koko bai sha ba. Wanda bai san wannan ba, bai san wanda yake karantarwa ba.

Fasali na biyu: abin da na gani da idona

Wani malamin firamare, a wani ƙauye arewa da Ɗambatta, ya zo wurina bayan sallar la'asar ransa a ɓace. Ba zan ambaci sunansa ba, ko na makarantarsa, domin rufin asiri ya fi. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ina da yara 90 a aji huɗu, ɗaya daga cikinsu ya gagare ni. Na karya tsumagiya a jikinsa ba adadi, na sa shi kamun kunne, na sa shi tsallen kwaɗo, kamar ƙara masa nake yi. Na yi niyya gobe in gaya wa hedimasta ko ni ko shi."

Na ce masa, "Malam, ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka je wurin hedimasta, ka ba ni mako guda. Kada ka taɓa shi, ka lura kawai, wane lokaci yake fara tsiyar, kuma me ake yi a lokacin."

Bayan mako ya dawo ya ce abin mamaki ya gani. Idan ana ba da labari, ko ana lissafin baka, yaron shiru, har yakan riga kowa ba da amsa. Amma da zarar an ce a kwafi abin da ke kan allo, ko an fara tayar da yara ɗaya bayan ɗaya su karanta, kafin layi ya zo kansa sai ya tayar da fitina. Malamin ya tsare shi shi kaɗai lokacin tara, ya buɗe masa littafin aji ɗaya, sai ga shi yaro mai shekara 11 bai iya haɗa baƙi biyu na boko ba. An yi ta ciyar da shi gaba daga aji zuwa aji ba wanda ya lura. Ya gwammace a kira shi tantiri a dake shi, da a kira shi daƙiƙi a yi masa dariya a gaban 'yan mata da ƙannensa. Shekara biyu ana dukansa a kan ciwon da bulala ba ta san inda yake ba.

Malamin ya dawo da shi gaba. Ya damƙa masa buga ƙarfen tashi da rabon alli, don ya sami dalilin miƙewa ba tare da laifi ba. Da ya ga yaron ya san baƙaƙen allo tun daga makarantar asuba, sai ya riƙa rubuta masa kalmar Hausa da ajami, ya rubuta ta da boko a ƙarƙashi, kowace rana kaɗan a lokacin tara. Ba zan ce maka yaron ya zama waliyyi ba. Ya sake yin dambe, an kuma hukunta shi. Amma ya gama aji shida yana karatu da rubutu, yanzu shi ke riƙe wa kawunsa littafin bashi a rumfar hatsi.

Abin da ya sa nake ba ka wannan labari shi ne maganar da malamin ya yi mini daga baya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shekaru kafin wannan ya yi wani yaro mai irin wannan hali, ya dake shi har yaron ya daina zuwa, ya bi masu cin-rani zuwa birni, har yau ba a san inda yake ba. Ya ce, "A lokacin har hamdala na yi, aji ya yi shiru. Yanzu kuwa ban san abin da zan ce ba idan aka tambaye ni shi."

Fasali na uku: abin da magabata suka tsara

Kada ka zaci sassauci ga yara baƙon abu ne da ya zo mana daga Turai. Malaman mazhabarmu sun daɗe da yin rubutu a kansa. Muhammadu ɗan Sahnunu, mutumin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, daidai da 870, ya yi littafi a kan ladubban masu karantarwa. A ciki ya wajabta daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya hana malami dukan yaro don huce fushinsa, ya hana taɓa fuska da kai, ya iyakance bulala ga uku sai da izinin uba. Bayansa Alƙabisi, wanda ya rasu a 403, daidai da 1012, ya jera abin daki-daki, a fara da lallashi, sannan tsawa ba tare da zagi ko kiran yaro da sunan dabba ba, kuma ya ƙi a wakilta wani yaro ya yi dukan, domin tsakanin yara akwai ƙullaci. Ka auna wannan da abin da ake yi yau, inda ake miƙa wa monita dorina malami ya fita hira.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, daidai da 1111, ya nuna cewa idan yaro ya yi kuskure karon farko yana ɓoyewa, a kau da kai kada a tona shi. Idan ya maimaita, a yi masa faɗa a asirce. Kuma kada a yawaita faɗa har ya zame masa kamar ruwan sha. Ya kuma ce a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, domin hana shi wasa yana kashe masa zuciya. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 808, daidai da 1406, ya keɓe fasali a cikin Muƙaddimarsa yana bayyana cewa tsanani yana cutar da mai koyo, yana gadar masa da kasala da ƙarya da makirci, saboda ya saba nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannu. Sama da duk waɗannan, ka san Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba.

A zamaninmu wasu ƙasashe sun hana duka a makaranta da doka, kamar Afirka ta Kudu a 1996 da Kenya a 2001, kuma a 2023 aka sa hannu a dokar kare yara ta jihar Kano. Amma ni ba da tsoron hukuma nake jan hankalinka ba. Ka dubi sharuɗɗan da malamanmu suka gindaya, ka tambayi kanka, a cikin duka goma da ake yi a aji, nawa ne aka yi ba cikin fushi ba, bayan an gwada lallashi, bayan an san dalili, ba a wuce uku ba? Abin da aka yi rangwame a kansa da sharaɗi, idan sharaɗin ya faɗi, rangwamen ya faɗi tare da shi.

Fasali na huɗu: idan ka ce, sai in ce

Idan ka ce, "Mu ma an dake mu, ga shi mun sauke, mun zama mutane," sai in ce, Allah ya saka wa malamanmu da alheri, sun yi iyakar saninsu. Amma ka ƙirga waɗanda kuka fara tare. Ina sauran? Falken da ya fita da jakai 20 ya iso da 8, ba ya yabon hanyar saboda takwas ɗin da suka iso. Mu da muka tsira mu ne ke da bakin magana, waɗanda suka gudu ba a jin tasu shaidar. Kuma ka tuna da kyau, abin da ya zaunar da kai gaban malaminka har ka girma, bulalarsa ce ko kuwa kunyar idonsa da son albarkarsa? Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Tsoro yana aiki muddin mai bulala na tsaye. Da ya juya baya, sai aji ya koma kasuwa.

Idan ka ce, "Wake ɗaya ke ɓata gari, a fitar da shi sauran su huta," sai in ce, haƙƙin sauran gaskiya ne, ban raina shi ba. Zo mu yi lissafi irin naku na kasuwa. Aji mai yara 90, idan aka ɓata minti 10, an ci wa jama'a minti 900, wato awa 15 a zama ɗaya. Wannan asara ce babba, kuma malamin da ya zuba ido aka yi ta ya ci amana. Amma ka lura, minti goman da malami ya ɓata yana bin yaro da bulala, yana zagi, aji na kallo, shi ma daga aljihun yaran nan aka cire shi. Abin nema shi ne hanyar da za ta tsayar da ɓarnar da mafi ƙarancin asara, kuma sau da yawa ita ce mafi shiru. Sannan wake idan ka tsince shi ka yar, ya tafi ke nan. Yaro kuwa idan ka kore shi daga aji, yana nan cikin gari, za ka gamu da shi a tasha ko a bayan kasuwa yana da shekara 20, ya sami waɗansu malaman da ba kai ka zaɓa masa ba.

Idan ka ce, "Hali zanen dutse, wannan haka aka halicce shi," sai in ce, ka dubi gawon da ke gonarka. Da damina, kowane itace ya yi kore, shi kaɗai ya kaɗe ganye ya tsaya kamar busasshe. Baƙon da bai san shi ba zai ce a sare. Manomi kuwa ba ya sare shi, don ya san geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina kyau, kuma da rani, sa'ad da kowa ya bushe, shi ne mai ganye da 'ya'yan da dabbobi za su ci. Akwai yaron da lokacinsa daban ne da na tsaransa. Wanda ya yanke masa hukunci yana ɗan shekara 10 ya yi shaida a kan abin da bai gani ba.

Idan ka ce, "Mai yara 90 ina ya ga lokacin binciken kowa?" sai in ce, a nan ka yi gaskiya, kuma nauyin wannan yana kan hukumar da ta tara masa su, da mu iyaye da muka yi shiru. Ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai masu hana aji sakat ba su cika wuce uku ko huɗu ba. Binciken mutum huɗu bai fi ƙarfin kowa ba.

Fasali na biyar: tsanin horo

Ga abin da nake ganin ya fi kusa da adalci, Allah ne mafi sani.

Na farko, malami ya fara da kansa. Ya shigo a kan lokaci da darasinsa a shirye, domin ajin da ba shi da abin yi shi zai nemo wa kansa. Ya san sunayen yaransa. Wanda ake kira "kai, wancan" ba ya jin akwai mai riƙe da shi. Ya kafa ƙa'idoji kaɗan da kowa ya sani, ya tsaya a kansu yau da gobe, ɗan mai unguwa da ɗan maraya daidai.

Na biyu, ya nemi dalili kafin hukunci. Yunwa ce, ko rashin barci? Yana ganin allo daga inda yake? Yana ji sosai, ko kunnensa na ruwa? Zazzaɓi ko ciwon sikila na damunsa? Karatun ya wuce shi, ko kuwa shi ya wuce karatun har ya gaji da jira? Wani babba na cin zalinsa a hanya? An yi mutuwa ko saki a gidansu? Likitoci ma sun tabbatar akwai yaran da zama wuri ɗaya da tattara hankali ke yi musu wuya tun daga halitta, ba da gangan ba. Kowane ɗayan waɗannan maganinsa daban.

Na uku, idan ɓarna ta fara, ya tsayar da ita da mafi sauƙin abu. Kallo, sannan matsowa kusa da yaron ana ci gaba da darasi, sannan kiran sunansa da jefa masa tambayar da zai iya amsawa, sannan canja masa wurin zama. Idan ya kai ga faɗa, a yi shi a keɓe bayan an tashi, a soki aikin, a bar asalin yaro da iyayensa. Yaron da aka kunyata a gaban jama'a ba shi da sauran abin da zai kare, sai ya zama ba ya tsoron komai.

Na huɗu, hukunci ya yi kama da laifi. Wanda ya zubar ya share, wanda ya yaga ya ɗinke, wanda ya ci lokacin aji ya biya daga lokacin wasansa, wanda ya zagi ɗan'uwansa ya ba shi haƙuri. Idan ya biya, an wuce wurin, kada a tayar masa da shi gobe. Kuma ranar da ya yi daidai a faɗa, yadda ake faɗa ranar da ya yi kuskure.

Na biyar, idan abin ya kai ga cutar da wani, kamar jifa ko duka ko zare makami, a raba nan take, a fitar da shi wurin hedimasta, a kira uba ko waliyyi, in ta kama a sa liman ko mai unguwa. A nan haƙƙin wanda aka cuta shi ne gaba. Amma ko a nan ƙofar dawowa ta zauna a buɗe.

Na shida, idan malami ya ji jininsa ya hau, kada ya yanke komai. Ya nemi tsari, ya ce wa yaro, "Za mu yi magana in an tashi." Alƙali ba ya hukunci yana cikin fushi, malami kuwa alƙali ne a kan waɗanda ba su da lauya.

Fasali na shida: rabonka a ciki

Ya kai ɗan kasuwa, kana sanin farashin gero a Dawanau kowace safiya, shin ka san ko ɗanka na aji huɗu ya iya karanta sunansa? Ka zaunar da shi daren yau ka buɗe masa littafi. Kada ya fita da safe cikinsa wayam, ko da ƙosai biyu ne. Ranar kasuwa kada ka ɗauke shi daga aji ya tsare maka kaya, sannan ka yi mamaki in an bar shi a baya. Idan malami ya aiko kiranka, ka je da kanka, kada ka je da faɗa, kada kuma ka ce masa, "Ka kashe shi in ka ga dama." Amana ba a sallama ta haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kai almajiri, yau kai ne a ƙarƙashin bulala, gobe tana hannunka. Ka riƙe a zuciyarka abin da ka ji ranar da aka dake ka a kan laifin da ba naka ba, da abin da ka ji ranar da malam ya dafa kanka ya sa maka albarka. Idan aka ba ka ƙolawa ka biya musu, ka zaɓi wanda za ka gadar musu daga cikin biyun. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan gaskiya ne; amma duk wanda ya taɓa yin baka ko ƙotar fartanya ya san da sannu ake tanƙwarawa, wanda ya yi da ƙarfi ɗaya karyawa yake yi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba malamanmu haƙuri da lada, ya dawo da yaran da suka ɓace ta sanadinmu, ya yafe mana abin da hannuwanmu suka yi cikin fushi. Wanda ya ga kuskure a wannan takarda ya gyara, wanda ya ga daidai ya kwafa ya ba wani. Allah ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya karanta, da wanda ya saurara, da iyayenmu baki ɗaya. Amin.